Alwalar Baba Ranar Kasuwa

Duk abin da likita ta tambayi Baba, amsarsa ɗaya ce. Ƙaiƙayin yana hana barci? "Da sauƙi." Yana hana sana'a? "Alhamdulillahi." Ni da na ɗauko shi tun daga Tudun Wada zuwa Kano, ina zaune ina cika ina batsewa. Ita so take ta auna yadda ciwon ya taɓa rayuwarsa, amma Baba na ganin faɗin wahala rashin godiya ne ga Allah.

Ciwon fata ne, likita ta kira shi soriyasis, ta ce ba a ɗauka. Daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu fatar ta yi kauri, tana ɓarewa fari-fari kamar dusa. Doguwar riga tana rufe komai. Alwala ce ba ta rufewa, dole a naɗe hannun riga.

Tun ranar da wani ya ɗauraye buta a gabansa bayan ya ajiye, Baba bai ƙara alwala cikin mutane ba. Ranar kasuwa a ɗaka yake yin ta da safe, ya riƙe ta har la'asar. Don kada ta karye, ko ruwa ba ya sha. Haka zai wuni yana awon masara cikin zafin rana, leɓe a bushe, ba kuma azumi yake ba. Wannan ce tambayar da ba a yi masa ba, kuma da an yi, "da sauƙi" zai ce.

Wata ranar kasuwa da bazara jiri ya kwashe shi a rumfa. Ya farfaɗo ana kiran azahar, alwala ta tafi. Na ce mu je gida. Ya dubi masallaci, ya ce jam'i zai wuce.

Ya tsuguna a bakin masallaci ya naɗe riga. Na ga idanu sun juyo, raina ya ɓaci. Sai limamin, wani tsoho da ƙyar yake tsugunawa, ya zo ya durƙusa kusa da shi.

"Alhaji, kawo in zuba maka."

"Allah gafarta Malam, ka ga hannun."

"Na gani. Miƙo."

Ya zuba masa a hankali, ruwan yana bin fatar nan har gwiwa. Da Baba ya gama, Malam ya yi tasa alwalar da sauran ruwan butar, har da kurkure baki. Na ji wa'azi iri-iri a rayuwata, ban taɓa ganin wanda ya sa taro ya yi tsit irin wannan ba.

Ciwon bai warke ba, har yau yana tashi yana kwantawa. Amma da muka koma asibiti likita ta ce, "Baba, yaya jiki?" na riga shi amsawa.

Na ce, "Yanzu yana shan ruwa ranar kasuwa."