Ranar da Motata Ta Sha Ruwan Rahad

Shekarun baya, lokacin ina tuƙa tarakta a wata babbar gonar riɗi da dawa a kudu da Gadarif, ina da wata tsohuwar boksi, irin motar nan mai buɗaɗɗen baya. Ba na kai ta gareji. Mutumin da ya saba kwana da tarakta a daji, shi ne makanikin kansa, kuma ni har alfahari nake da haka.

A farkon wata damina kakata ta kwanta ciwo a gidanmu na Gadarif. Ta bar cin abinci, ruwan ma sai an lallaɓa ta. Ita 'yar Mafaza ce, a bakin kogin Rahad aka haife ta. Rannan ta ce ba abin da ranta ke so sai ruwan Rahad, sabon nan da ke zuwa da damina. Na so in yi dariya, amma da na dubi fuskar mahaifiyata sai na ɗauki makulli. Muka tafi Mafaza ni da ita, ta shiga kogi har gwiwa ta cika wata 'yar jarka, muka juyo.

Muna tsakiyar daji na ga allurar zafi ta haura, tururi na fita ta gaba. Na tsaya, na leƙa. Tiyon ƙasa na lagireto ya tsage, ruwa ya tsiyaye ƙaf. Ga hadari ya haɗo daga gabas. Duk wanda ya san baƙar ƙasar Gadarif ya san in ruwan sama ya same ka a kanta, kai da mota sai bayan kwanaki. Kakata kuwa ba ta da kwanakin jira.

"Ya waladi, ɗana, za ta gyaru?" in ji mahaifiyata.

"Inna, wannan ai wasa ne. Zauna a inuwa."

Kuma da gaske wasa ne. Ina da sabon tiyo a bayan kujera. Na bari injin ya huce, na shimfiɗa buhu na shige ƙarƙashi, na kwance ƙarafan da ke ɗaure bakin tiyon. Tsohon ya manne, na sa wuƙa na tsaga shi. Sabon ya yi tauri, na shafa masa sabulu ya shige, na ɗaure tamau. Na fito ina kakkaɓe riga ina jiran yabo.

Sai a lokacin na tuna lagireto ba ya shan yabo. Gwanin da ya tanadi tiyo bai tanadi ruwa ba. Na juye ɗan ruwan shanmu, ko alamarsa ban gani ba. Babu rijiya, babu gida, sai gonaki iya ganin ido. Muka dubi jarkar nan tare.

"Inna, mu zuba. In mun isa gari na cika ta a famfo. Ruwa ai ruwa ne, ba za ta gane ba."

"Kai dai ka san ƙarfe," ta ce. "Ba zan yi wa uwata ƙarya a kan gadon ciwo ba, abadan."

Ta ɗauko 'yar butar shayi da ke cikin kayanta, ta ɗauraye, ta cika, ta toshe bakin da gefen mayafinta. Sannan ta miƙo mini jarkar. Na zuba a hankali, raina na ƙuna, har ta ƙare. Na tayar da injin, na sake leƙawa ƙasa. Ko ɗigo babu. Muka kama hanya iska na bin mu, mahaifiyata ta rungume butar a ƙirji, duk ramin da na faɗa sai ta harare ni. Muna hawa kwalta yayyafi ya fara.

Kakata ta karɓi kofi da hannu biyu. Ta kurɓa, ta daɗe ba ta haɗiye ba.

"Alhamdu lillahi. Rahad ya kawo, har da ƙasarsa." Ta shanye, ta ce, "Ina sauran?"

"Habboba, mota ta sha," na ce, don haka muke kiran kaka a nan.

Ta yi dariya, karo na farko tun da ta kwanta. "To ita ma ta zama 'yar Mafaza. Kar ka sayar da 'yar'uwata."

A daren ta ci tuwo kaɗan. Ba ta kai lokacin girbi ba, kafin a yanke riɗi Allah ya yi mata rasuwa.

Har yau in na tuna, ba gyaran nake tunawa ba, don tiyon da na canza ya fi a ƙirga. Abin da ke tsaya mini a rai shi ne saura ƙiris in ba ta ruwan famfo, in rasa wannan dariyar. Boksin ta daɗe da daina tashi, tana bayan gida kaji na ƙwai a cikinta. Masu sayen ƙarfe sun zo sun gaji, ni kuwa amsata ɗaya ce: ba a sayar da dangi.