Gaisuwar Mai Wasiƙa

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana raba wasiƙu a unguwar, shi ya sa ko da ya ajiye aiki sunan bai bar shi ba. Yaro da babba, Mai Wasiƙa suke ce masa. Unguwa ce da ta tara mutane daga ko'ina, kowane layi da yarensa, kowace taga da ƙamshin girkinta. Shi kuwa ta lambar gida ya san jama'a. In ka ce masa wane, sai ya yi jim; in ka ce gida na goma sha bakwai, nan take zai ce, "Af, mai akwatin wasiƙun nan da ke cizon yatsa!"

Tun da ciwon gwiwa ya zaunar da shi ya koma ɗan zaman falo, daga shi sai rediyo, yana ta musu da mai karanta labarai. Autarsa, wadda ke aikin jinya, ita ta gaji da ganinsa haka. Ranar Asabar ɗin da ake bikin al'adu a lambun unguwa ta shigo riƙe da takalmansa, ta goge su tas.

"Baba, tashi. Yau ƙafarka ƙafata."

"Ni za a nuna wa unguwar nan? Wane lungu ne ban taka ba?"

"To zo ka nuna mini, ni ban sani ba."

Da wannan ta ci galabarsa. Tafiyar minti goma sai da ta cinye musu awa guda. Ya tsaya ya nuna mata bishiyar da yake jingine kekensa. Ya ɗaga kai ya dubi agogon saman ɗakin karatu, ya dubi na hannunsa, ya yi murmushin jin daɗi da ya ga har yanzu na ɗakin karatun yana latti da minti biyar. Shagon aski ya koma na sayar da waya, wannan kam sai da ya yi masa tsaki.

Lambun ya cika maƙil. Rumfuna jere, kowace da tutarta. Can ana buga ganguna, nan wasu dattawa na busa sarewa, ga mata cikin riguna masu faɗi suna juyi kamar ba za su tsaya ba. Bai yi taku goma ba aka fara kiransa ta ko'ina. Wannan ya riƙe hannunsa, waccan ta tura masa faranti.

"Baba, sukarinka fa!" in ji Auta.

"Ke, rashin kunya ne a miƙo wa mutum abu ya ƙi," ya ce, bakinsa cike.

A rumfar ƙarshe ya hango tsohuwar gida na arba'in tana sayar da shuke-shuke a tukwane, jikarta na taya ta. Shekara ashirin, kullum ya tura ƙofar gidanta da safe sai ta leƙo ta taga ta ɗaga murya ta faɗi wasu kalmomi da yarenta. Ya ɗauka gaisuwa ce, ya haddace, yana mayar mata har da ɗan rusunawa. Ya matsa kusa, ya cire hula, ya gyara murya, ya rangaɗa mata gaisuwar nan yadda kowa zai ji.

Tsohuwa ta dube shi. Sai ta fashe da dariya, har da dafa tebur, hawaye na zuba. Jikar tata, wata budurwa mai tabarau, ta rufe baki da hannu.

"Baba, ka san abin da ka ce kuwa?"

"Ina kwana na ce."

"Cewa ka yi, 'Rufe ƙofa, kaji za su fita!'"

Mai Wasiƙa ya yi tsaye da hula a hannu, kunya ta rufe shi. Auta kuwa dariya ta hana ta tsayuwa, sai da ta nemi benci.

"To me ya hana ta gyara mini, shekara ashirin?"

Jikar ta tambayi kakarta. Tsohuwa ta share ido da gefen mayafi, ta yi magana a hankali, budurwar na fassarawa. Ta ce da farko ta zaci tsokanarta yake yi. Kajin ma tuni ta daina kiwonsu. Amma bayan rasuwar maigidanta, 'ya'ya duk sun watse wurin aiki, sai ya zama in ba shi ba, babu wanda take jin yarenta a bakinsa da safe. Shi ya sa ta ci gaba da leƙowa.

 Sai ya ja kujera ya zauna kusa da ita, ya ce a koya masa gaisuwar ta gaskiya. Ta faɗa, ya maimaita, ta girgiza kai. Ya sake, ta ɗan buge masa hannu kamar ɗan makaranta. Auta ta tafi kallon rawa ta dawo, ta tarar suna nan, har ya fara taya su miƙa wa masu saye tukwane.

Da la'asar suka kamo hanyar gida, yana rungume da tukunyar na'ana'a da tsohuwar ta ba shi. Ya ƙi yarda Auta ta karɓa masa. Har suka iso ƙofa suna gardama, ita ta ce a ajiye a tagar kicin, shi ya ce sam, ta falo ta fi samun rana.