Sawun da Ya Riga Ni a Dajin Doguwa

Abu uku na kusa rasawa a wuni ɗaya: yatsana, sana'ata, wataƙila da raina. Shi ya sa ranar nan ba za ta taɓa fita daga kaina ba.

A shekarun tamanin fataucin zuma da man shanu nake yi. Mota ta sauke ni a Doguwa, sauran kuma ƙafa ce, rugage-rugage, tsauni bayan tsauni. Sai amosanin gaɓa ya kama mini babban yatsan ƙafar hagu. Ya kumbura, ya sanƙare, in na taka kamar an soka mini kibiya. Malamin asibiti a Tudun Wada ya ce in ban sauya takalmi ba, tafiyar daji ta ƙare mini. Ni kuwa lokacin ina ji da wani takalmi sau-ciki mai tsinin baki, don 'yan kasuwa su san ido ya buɗe.

Wani dattijon Bafillace da nake sayen man shanu a rugarsu shi ya fara yi mini dariya.

"Kaɗo, wannan takalmi ne ko kurkuku? Laifin me yatsan ya yi maka?"

Na ce, "Baffa, ai na birni ne."

"To birnin ya zo ya goya ka."

Ya miƙo ƙafarsa ta dama, ashe ciwonmu ɗaya. Ran kasuwa ya ja ni wajen baduku, kuma ya hana a gwada ni sai da yamma. Wai ƙafar safe maƙaryaciya ce, sai ta sha tafiya ta kumbura take faɗin gaskiyar girmanta. Aka yanka mana takalmi daga taya guda: baki mai faɗi, ƙasa mai tauri da ba ya lanƙwasuwa, don kada yatsan ya motsa. Badukun ya ƙara wani faci ƙarƙashin yatsa mai ciwo, nawa a hagu, na Baffa a dama. Mummuna ne, amma ran nan na taka ƙasa ban ciji leɓe ba.

Damina ta raba mu wata biyu. Da ta fara ja baya na koma. An kwana ana ruwa, ciyawa ta rufe hanya ta kuma wuce kaina. Rana na take tsaka na gane na yi makuwa, gabas da yamma duk sun zama ɗaya. Wata tsamiya sau uku ina wuce ta. Dajin ya yi tsit, ko kukan tsuntsu babu, sai numfashina. Gorar ruwana ta ƙare, yatsan ya fara zafi, na kuma san in ya kumbura sosai, inda na zauna nan zan tabbata. Na cire riga na juya ta baibai kamar yadda manya ke cewa a yi, na karanta abin da ya sawwaƙa.

Ina sunkuyawa sai ga sawu a taɓo. Zanen tayata ne sak, ɗanye, gefensa bai ko bushe ba. Na ce to, nawa ne, zagaye nake yi. Amma ɗan kasuwa ba ya karɓar kaya bai duba ba. Na ɗora ƙafata kusa da shi. Facin yana dama.

Na ƙwala kira, "Baffa!" Shiru. Na bi sawun. Ba gaggawa a cikinsa, tafiyar tsoho ce, yana kauce wa duwatsu yana bin ƙasa mai laushi, daidai yadda mai ciwon yatsa zai zaɓa. Duk inda na ɗaga kai, ciyawar gabana tana kaɗawa kamar yanzu aka ratsa ta, amma ban ga ƙeyar kowa ba. Kafin la'asar na jiyo kukan shanu. A bakin shingen rugar sawun ya tsaya.

Na yi sallama, babban ɗan Baffa ya fito. Muka gaisa, na ce, "Ina Baffa? Yau ya wahalar da ni, ina kira yana ƙara gaba."

Ya dube ni ya ce, "Baffa ya rasu. Yau kwana tara."

Na yi salati. Da na yi ta'aziyya na ce lalle wani ne ya sa takalminsa. Ya ce wa zai iya, facin nan yana tokare mai lafiya. Ya shiga bukka ya kunto takalman daga inda aka rataye su tun ranar jana'iza. Ya miƙo mini, na juya ƙasansu. Na sa yatsa na taɓa. Taɓon da ke jiki bai bushe ba.

Na miƙa masa takalman. Ya mayar da su, muka yi wa mamacin addu'a.

Ni mutum ne mai son lissafi ya fita, amma wannan har yau bai fita ba, na bar wa Allah saninsa. Abin da na iya ƙirgawa shi ne: na rasa aboki, yatsan bai sake lanƙwasuwa ba, takalmin birni kuma na bayar. Na samu shekara goma sha wani abu ina hawa tsaunukan nan da ƙafata. Tun ranar na daina saya wa idon mutane takalmi, ƙafata nake saya wa, kuma sai da yamma.