Bas Ɗin da Mai Rami Ya Ƙi Shafawa

Mai Rami ake ce masa, domin tun yana saurayi aikinsa ke nan: a tuƙo mota a tsayar da ita a kan ramin gareji, shi kuma ya sauka da fitila da 'yar guduma. Bai taɓa kwance inji ba, bai iya fenti ba. Abin da ya sani shi ne ƙarƙashin mota, musamman casis, dogayen ƙarafan nan da dukan jikin mota ke zaune a kansu. Da tsatsa yake faɗa, da ita kuma yake cin abinci.

Aikin nasa ba wani sirri a ciki. Sai ya sa a wanke ƙasan motar tas, a fitar da lakar da ta maƙale a lunguna, don ita ke riƙe ruwa har ƙarfe ya fara ci. In ta bushe, ya bi ƙarfen yana ƙwanƙwasawa yana kasa kunne. Inda ya yi ƙara, lafiya lau. Inda ya amsa kamar an bugi buhu, nan ciwon yake. Ya kankare da burushin ƙarfe har farin ƙarfe ya fito, ya shafa jan fenti, in ya sha iska ya bi da haɗinsa na baƙin mai da giris, ya ɗura har cikin ƙofofin casis. In wuri ya ɓule, ya kira mai walda a yanke a sa sabo. In kuwa ɓarnar ta yi nisa, sai ya fito ya goge hannu, ya ce wa mai motar, "Wannan ta gama aiki, sai haƙuri."

Matarsa takan ce ita dai mutum ta aura, amma kullum da yamma gafiya ake dawo mata da ita. Baho daban ta ware wa kayansa, don in suka haɗu da na yara, har na yaran sai sun yi warin baƙin mai.

A garejin, rumfar da ke kusa da ramin ta Mai Fenti ce. Tare suka koyi sana'a, tare suka sha zagin ubangida ɗaya. Mai Fenti mutum ne mai baki, in yana ba da labari har mai jin haushinsa sai ya dara. Da ya nemi auren ƙanwar Mai Rami, mahaifinsu ya ƙi, ya ce surutunsa ya fi aikinsa yawa. Mai Rami ne ya yi ta zarya yana lallashin tsohon har ya amince. Daga ranar Mai Fenti ya koma kiransa Yaya, ko da yake sa'anni ne. Kwano ɗaya suke ci da rana, a kan wata tsohuwar kujerar mota da suka ajiye a inuwa.

Da tafiya ta yi tafiya, Mai Fenti ya fara sayen tsofaffin motoci yana gyarawa yana sayarwa. Kowacce sai ta hau ramin tukun. Yakan ce, "Yaya, kai ka gyara ciki, ni in gyara fuska." Masu saye kuwa da sun ji Mai Rami ya shiga ƙarƙashinta, ba sa ƙara tambaya.

Wata shekara, bayan an yi ambaliya, Mai Fenti ya jawo wata farar bas. Mai Rami ya sauka. Laka ce danƙare har cikin casis, ta bushe ta yi tauri. Da ya kai wurin da sifirin na baya, ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota, ke kamawa, ya buga sau ɗaya, kan gudumar ya shige ciki, garin tsatsa ya zubo masa a kafaɗa. Ya fito.

"Wannan a ruwa ta kwana, ba kwana ɗaya ba," in ji shi. "Ka ba masu sayen ƙarfe."

"Yaya, injinta fa kamar sabo. Ka ɗan shafa mata haɗin nan naka, ta rufu."

"In shafa a kan me? Babu ƙarfen da zan shafa wa."

Mai Fenti ya yi dariya, ya ɗaga hannu biyu. "Shi ke nan, likita ya yi magana. Gobe za ta bar nan."

Washegari kuwa aka ja ta aka fita da ita, Mai Rami ya manta da zancenta.

Ba a jima ba, yana kankare wata motar kaya, ɓarɓashin tsatsa ya faɗa masa a idon dama. Ya murza, ya ci gaba da aiki, kafin kwana biyu idon ya kumbura ya rufe. Sai da aka yi masa aiki a asibiti, aka naɗe idon, aka ce ya zauna a gida, ban da ƙura, ban da rana. Ya ba Mai Fenti makullin akwatin kayan aikinsa ya ce ya kula masa. Kusan kullum Mai Fenti sai ya biyo da lemo a leda, ya zauna a bakin katifa yana ba shi labarin gareji har matar gidan ta ce ya bar sa shi dariya, kada ɗinkin ya buɗe.

A cikin wannan jinyar ne mijin Auta, ƙaramar 'yarsa, ya zo gaishe shi. Direba ne, mai kunya, marar magana, ya daɗe yana tuƙa motar wasu yana burin tasa. Ya durƙusa daga bakin ƙofa, ya ce ya samu mota, wata shuɗiyar bas, a hannun Kawu Mai Fenti.

"Na gode, Baba, da ɗawainiyar da aka yi," in ji shi, kansa a ƙasa.

Mai Rami ya ɗauka godiyar surukai ce kawai. Ya ce, "Ba komai. Allah ya sa albarka. In na tashi ka kawo ta in ga ƙasanta."

Bai kai ga tashi ba. Wata safiya mijin Auta ya ɗauko buhunan siminti da leburori biyu, yana gangarowa wata gada, motar ta faɗa wani ɗan rami a kan titi. Casis ya karye daga baya, tayoyin baya suka goce, bas ɗin ta kife a kwalbati. Leburorin sun tsira da ƙujewa. Shi kuwa ƙafarsa ta dama ta karye wuri biyu, ƙugunsa ya goce.

Mai Rami ya je asibiti da ido ɗaya a naɗe, matarsa na riƙe da hannunsa. Auta na zaune a gefen gadon, da goyo a bayanta. Ta gaishe da uwarta, shi ko ba ta dube shi ba. Sai da suka fito baranda ta yi magana, murya ƙasa-ƙasa.

"Baba, kai da kake gaya wa bare motarsa ta gama aiki, ta mijina ce ka kasa gaya masa?"

"Wace mota? Ni ban taɓa ganinta ba."

"Kawu ya ce ka duba ta da kanka. Ya nuna masa ƙasanta, baƙi wuluk da haɗinka. Shi ya sa bai kai ta ko'ina ba. Babur ɗinsa ya sayar, ni na sayar da keken ɗinkina."

Mai Rami ya fita daga asibitin. Ya sa aka kai shi filin da aka jawo motar aka ajiye. Babu rami a wurin, sai ya kwanta a ƙasa ya ja jiki ya shiga. Tun kafin ya taɓa, hancinsa ya gaya masa haɗinsa ne. Ya sa ƙusa ya karce. Ƙarƙashin baƙin man akwai fila, irin wadda masu fenti ke cike lotsawar jikin mota da ita, ƙarƙashin filar kuma gwangwani da tsumma aka cusa. Kusa da inda ya karye ya ga hudar da gudumarsa ta yi, an toshe ta. Da ya fito ya karci shuɗin fentin ƙofa, fari ya bayyana.

Daga nan gareji ya wuce. Rana tsaka ce, Mai Fenti na haɗa kala a gwangwani. Da ya hango shi ya miƙe yana murmushi, murmushin ya tsaya a hanya.

"Farar bas ɗin ce," in ji Mai Rami.

"Yaya, zauna tukun, idonka…"

"Ka ce wa yaron nan na duba ta?"

Mai Fenti ya ajiye sandar da yake juya fentin da ita. "Ai ka duba. Ƙarya na yi? Ka duba ta."

Mai Rami ya tsaya yana kallonsa da idon da ya rage masa.

"Wallahi na ɗauka za ta yi shekara biyu, kafin nan ya mayar da abinsa ya sayi wata. Shi ya gan ta, shi ya nace. Kuma ni na ce masa ya loda mata siminti? Da ma ka shafa mata da hannunka yadda na roƙe ka, da ba haka ba. Ni ban iya ba, ka sani."

Mai Rami ya miƙa hannu ya ce a ba shi makullinsa. Ya buɗe akwatin. Gwangwanin haɗin ya yi rabi, burushin an mayar ba a wanke ba, ya sandare. Ya rufe, ya tare mai keken kaya aka ɗora akwatin.

Da yamma ƙanwarsa ta zo gidan. Ta durƙusa a tsakar gida tana kuka, tana roƙonsa kada ya kai maganar gaban hukuma, ya dubi 'ya'yanta, ya dubi zumunci. Ya fara tausaya mata, har ya ce ta tashi, ita ba ruwanta. Sai ta ce, tana share hawaye da gefen mayafi, "Ni fa sai da na ce masa, Yaya. Na ce in zai sayar ya nemi bare, kada ya ba ɗan gida."

"Ashe kin sani."

Ta sunkuyar da kai.

"Shi baren ba shi da ƙafa?" in ji shi. Ya tashi ya shiga ɗaki, ya bar ta da matarsa.

Bai kai ƙara ba. Mijin Auta ne ma ya ce a bari, ba zai iya tsayawa gaban alƙali da kawun matarsa ba. Wannan shirun ya ba Mai Fenti fili. A gareji ya riƙa cewa abin na cikin gida ne, ba ya son tonawa, amma kowa ya san idon Yaya ya daɗe da yin rauni. Bai ce Mai Rami ya shafa ba, bai kuma ce bai shafa ba. Wasu suka gane, wasu kuma da suka shekara suna kawo masa motocinsu suka daina.

Da idon ya warke, ko da yake har yau yana zubar da ruwa in ya ga haske, Mai Rami ya samu wani ɗan fili a bayan wurin wankin mota, ya sa aka haƙa masa sabon rami. Ya fi na da ƙunci, ruwan wanki kan gangaro ciki, sai ya kwashe da bokiti kafin ya fara aiki. Ranar da ya fara, Auta ta zo da abinci da kanta. Ta tsuguna a bakin ramin ta ce, "Baba, ka yafe min maganar da na yi." Ya ce da ita ya yafe tun a barandar. Mijinta bai ƙara tuƙi ba. Yana ɗingishi da sanda, yana tsaron shagon taya na wani maƙwabcinsu.

Tsohuwar mahaifiyar Mai Rami ta yi ta kiransa tana cewa ya sassauta, jini ba ya zama ruwa. Yakan ce, "Inna, abin da yake nawa na bar shi. Ƙafar ce ba tawa ba." In an haɗu a gidanta, ƙanwarsa ta gaishe shi ya amsa. In Mai Fenti ya yi sallama, sai Mai Rami ya amsa sallamar, ya nemi takalminsa.

Shi Mai Fenti kasuwa ta buɗe masa. Bara ya kama babban fili a bakin titi, ya kewaye da waya, ya jera motoci suna ƙyalli. Ya aiko ɗansa ya ce a gaya wa Yaya ana taron buɗewa ranar Asabar. Matar Mai Rami ta tambaye shi ko za shi, don in za shi ta goge masa kaya. Ya ce akwai wata motar ɗaukar ruwa da za a kawo masa ranar, mai ita ya daɗe yana jira.