Na Bayan Katanga

Shekarun baya, ana saura sati uku Babbar Sallah, aka shiga gidan mahaifiyata da rana tsaka aka kwance raguna biyu. Duk muna gona, ita kuma ta tafi barka ƙauyen da ke gaba da mu. Katanga ɗaya ce ta raba gidana da nata, saboda haka abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Bari ku san matsayina tukuna. Ni ne ɗan fari, kun kuwa san yadda iyayenmu mata suke da ɗan fari. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. Daga "kai" sai "wancan", ranar da ta ji daɗi ta ce "Malam". Ni ke nome mata gona, ni ke kai ta asibiti a babur, ni ke yaɓe mata ɗaki kafin damina. Amma ƙanina, autanmu da ke aiki a Abuja, ya bugo waya kawai sai ka ga Inna ta washe baki: "Autana, ka ci abinci kuwa?" Ni da furfurata a gemu, wallahi sai in ji kishi ya kama ni.

Auta na jin labarin raguna ya ce a sa mata na'urar tsaro, shi zai biya, ni in shiga Kano in zaɓo. Na shirya na tafi.

Na shiga wani shago na ce ƙanina da ke Abuja ne ya aiko ni. Mai shagon ya baje mini kala uku a kan tebur. Ta farko jiniya ce kawai, da abu ya gitta sai ta kwarma ihu. Ta biyu saƙo take turawa a waya. Ta uku kuwa da kyamara, da sola, har da wani ɗan madanni da tsoho zai rataya a wuya.

"Malam, wannan ita ce ta iyaye," in ji shi. "Ƙanin naka yana zaune a ofis zai ga tsakar gidan, ya yi magana ta ji, ta amsa masa. Kamar yana gidan."

Kamar yana gidan! Bawan Allah bai san da bakinsa ya kashe cinikinsa ba. Abu ɗaya tal na fi Auta da shi a duniya: ina nan, shi ba ya nan. Shi ma ɗin za a sayo masa a kwali?

Na ce, "Ai mu ba mu da sabis."

"Wane gari ne?"

"Can bayan Dawakin Tofa."

"Haba Malam, ai wajen akwai sabis."

"Unguwarmu a kwari take," na ce. Mu da ƙasarmu shimfiɗe kamar faifai. Na ɗauko mai jiniya na fito ina jin kaina kamar na ci zaɓe.

Ranar farko da ta yi ƙara, unguwa kaf ta fito da sanduna da fartanyu. Kaza ce. Washegari akuya ce, rana ta uku kuma zanin da Inna ta shanya ne iska ta kaɗa. Kafin sati ya zagayo, ko ta shekara tana ihu ba mai ɗaga kai. Liman ya tare ni bayan La'asar ya ce, "Malam, abin nan naku ya sa na yi rafkanuwa sau biyu." Inna dai ta samo tsohon kwando ta kifa a kan jiniyar.

Auta ya zo Sallah. Ya dubi kwando, ya ciro wayarsa ya duba, sabis cike taf. Sai ya yi murmushi ya ce, "Yaya, ashe sun gyara muku sabis ɗin." Da ya zage ni ma da ya fi mini sauƙi. Kwana biyu bayan Sallah sai ga shi da mai haɗawa, ɗauke da kwalin nan na uku.

Na ƙi shiga. Na zauna a gindin katangata ina gyaran ƙotar fartanyar da ba abin da ya same ta, kunnena duk yana can. Ina ji Auta ya fita zaure yana gwaji, muryarsa ta fito daga bango: "Inna, kina ji na?" Ita kuwa dariya take har da tafi. Na ce a raina shi ke nan, an gama da ni, in koma in ci gaba da noma.

Can sai na ji mai haɗawa ya ce, "Inna, saura abu ɗaya. Wannan na wuyan, in wani abu ya same ki kika danna, waya ɗaya yake fara kira. Lambar wa za a sa?"

Auta ya fara karanto tasa.

"Dakata," in ji Inna. "Kai naka hira ce. In na zame a bakin rijiyar nan, daga Abuja za ka ɗaga ni?"

"To ta wa za a sa?" in ji mai haɗawa. "Faɗi sunansa in rubuta."

Na daina ƙwanƙwasa fartanya. Na san ba za ta faɗa ba, amma ban taɓa son jin abu kamar yadda na so ji a ranar ba.

"Rubuta na bayan katanga," ta ce. "Shi ko tari na yi a ɗaki, kafin in rufe baki ya yi sallama. Ba don kun matsa ba, ni me zan yi da wata ƙararrawa?" Sai ta ɗaga murya. "Kuma na san yana ji. A ce masa ya ajiye fartanyar nan ya zo ya ba da lamba."

Na shiga ina goge ido, na ce ƙaiƙayi ne ya faɗa mini. Auta ya kawar da kai yana danne dariya.

Kada ku ɗauka na warke. Har gobe in na ji ta da safe tana hira da bango, tana tambayarsa ko ya karya, sai in ji abin nan ya motsa. Na dai gane na yi shekaru ina ƙirga abin da take faɗa wa Auta, ban taɓa lura da wanda take jingina da shi ba. Kuma saboda kishi na kusa barin tsohuwa da ƙararrawar da ba mai amsawa.

Alhamdu lillahi, Inna ba ta taɓa faɗuwa ba. Amma madannin nan yana shan dannawa. Karon farko na baro gona da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa, na tarar da ita zaune lafiya lau da kwanon dambu a rufe. Ba ta ko dube ni ba, ta turo kwanon da ƙafa ta ce, "Zai huce." Har yau ba ta kira sunana ba, amma duk ranar da ta yi dambu wayata ce take ƙara.