Saƙon Kawu Sale

Wata safiyar Litinin ce cikin Disamba na 1991, 'yan kwanaki bayan gwamnati ta taso daga Legas ta tare a Abuja. Ina tsugune a tsakar gidanmu a Kurudu ina wanke tukwane, shekarata goma sha ɗaya, sai ga maƙwabcinmu Baba Sunday, masinja a wata ma'aikata, ya leƙo yana sauri kada bas ɗin ma'aikata ta bar shi. Ya ce da Innarmu, "Madam, ogana na neman direba. Ƙaninki ya zo ofis kafin sha biyu, ya kawo lasin."

Ƙanin nata shi ne Kawu Sale. Shekara biyu ke nan da zuwansa daga Zariya neman aikin tuƙi, kuma kafin Allah ya kawo, yana ƙwadagon haƙar doya a gonar wani dattijo a ƙetaren rafi. Nan da nan Inna ta naɗe masa rigarsa ta zuwa Juma'a, ta cusa lasin da kuɗin mota a aljihunta, ta ɗora mini a ka. "Binta, da gudu. Ko wa ya kira ki, kada ki tsaya."

Da gudun na fita, kuma gonar ba ta fi tafiyar rabin awa ba. Amma a bakin rafi na tarar da ƙawayena sun shanya wanki a kan duwatsu, sun zauna gindin mangwaro suna carafke. A lokacin babu wadda take ja da ni a wannan wasa. Na ce zan yi sau ɗaya kawai. Na ci, suka ce sai an rama, aka rama, na ce ban yarda ba. Daga nan muka shiga ruwa kamun ƙaguwa, rigar Kawu na ajiye a kan dutse. Ban farga ba sai da na ga inuwata ta tattaru a ƙarƙashin ƙafafuna.

Da na isa gona na faɗi saƙon, Kawu ya ɗaga kai ya dubi rana, ya dube ni da jiƙaƙƙen zanina. Ya yar da fartanya, ya zura rigar a kan gumi, ya sheƙa wajen titi, ƙafafunsa duk jar ƙasa.

Bayan la'asar ya dawo. An ɗauki wani tun kafin azahar. Inna ta juyo kaina ta tambaye shi ko na makara. Ina raɓe bayan turmi, sai na ji ya ce, "A'a Yaya, yarinya ta zo da wuri. Mota ce ban samu ba." Wallahi da dukana aka yi da ya fi mini sauƙi. Shi kuwa washegari ya koma gona ya ɗauki fartanyarsa, kuma aikin gwamnati bai sake zuwa ta kansa ba. Motocin haya na mutane ya yi ta ja har idonsa ya raunana.

Yanzu gidaje sun cinye gonar, rafin ya zama kwatami, saƙo irin wancan kuwa waya ce za ta kai shi kafin a ɗauraye tukunya ɗaya. A wurin aiki ana tsokanata wai kullum nakan riga mai shara zuwa, ni dai sai in yi murmushi. Inna ta rasu ba ta san gaskiya ba, Kawu ma bai taɓa tayar da maganar ba. Wasan awa uku na yi, shi ya biya da shekarunsa.