Tsakuwar da ke cikin bututun babana

Har yau ba na barin famfo rabi a buɗe. Ko dai in sake shi duka, ko in ɗaure shi tsam. Jikokina suna mini dariya, ni kuwa ban taɓa gaya musu dalili ba.

Ina ƙarama, zamanin Turawa, aka kafa injin ban ruwa a fadamarmu ta Wurno, yana jan ruwan gulbi ta wani ƙaton bututu zuwa gonaki. A bakin bututun akwai bawul, ƙarfe mai kai kamar sitiyarin mota, shi ke buɗe ruwa ya rufe. Babana aka ɗauka ya kula da shi, a wata 'yar bukkar kwano da ko miƙewa sosai ba ya iyawa a ciki. Baturen da ya ba shi aikin abu ɗaya ya ce: a buɗe duka ko a rufe duka.

To amma in aka buɗe duka, ruwan yakan fito da ƙarfi ya kwashe dashen albasar mutanen da ke kusa. Sai su zo su tsuguna bakin bukka.

"Malam, rage muna dai kaɗan, don Allah. Dashen ga kwana ukku garai."

Babana ba ya iya kallon idon maƙwabci ya ce a'a. Sai ya murɗa bawul ɗin har ya rage kafa kamar faɗin yatsa. Daga nan ƙarfen ya fara kuka. Ba irin kukan inji ba ne. Kamar ana zuba tsakuwa a cikin tasa ana girgizawa, ba hutu, kwanon bukkar yana amsawa. In na kai masa fura da hantsi, sai na ji haƙorana suna kaɗawa. Mata suka daina bi ta wurin, aka ce mutanen ruwa ne aka matse a bututu suna neman mafita. Babana bai yarda ba, bai kuma ƙaryata ba. Yakan ɗora kunne a jikin ƙarfen yana karanta Ayatul Kursiyyu, yana sauraron ko abin zai lafa.

Inna ce ta fara lura. Ta yi masa magana sau biyu a tsakar gida bai juyo ba.

"Malam, kunnuwan ga naka hwa? Jiya ladan ya yi kira kana zamne kamar gunki."

"Mi kinka ce?"

"Na ce ka bar ma aljannun ga bukkassu!"

Ya yi dariya ya ce in ya bari, wa zai tsare wa mutane albasa.

Rani biyu aka yi haka. Ranar da bawul ya fara yoyo, aka turo wani makaniki daga Sakkwato, dattijo mai furfura. Ya kwance bawul ɗin a gabanmu. Ni dai na ɓoye bayan babana, ina jiran abin da zai fito. Ba ko tsakuwa ɗaya. Amma cikin ƙarfen duk ramuka, kamar gara ta ci itace. Makanikin ya ce in aka matse ruwa ta ƙaramar kafa yakan yi 'yan kumfa, su kuma su fashe a jikin ƙarfe, fashewar ce muke ji, ita ce ta cinye shi. Ya ce da an sa bawul na biyu a gaba, kowanne ya rage kaɗan, da albasa ta tsira ba tare da wannan kuka ba. Haka ya yi, cikin yini guda. Bukkar ta yi tsit, har ana jin tsuntsayen fadama.

Babana yana kallon bakin makanikin yana gyaɗa kai. Da muka kama hanyar gida ya sunkuyo ya ce, "Ɗiyata, mi yac ce?"

Daga wannan shekara bai ƙara jin kiran salla ba. Inuwar katanga yake dubawa, in da hadari kuwa ni ke zuwa in taɓa kafaɗarsa in ɗaga hannuwana zuwa kunne. Sai ya tashi ya ɗauki buta. Bayan na tafi makaranta Inna ta karɓi aikin.

Wata rana da na zo hutu, muna zaune da la'asar, gari shiru, ya ce mini wai har yanzu ba su gyara bawul ɗin nan ba, ga shi nan yana ji. Na dube shi, Allah Ya jiƙansa, na gyaɗa kai.